Ko Ka San Ƙaramin Jirgin da Ya Yi Dakon Audugar Jazira?

Ko ka san cewa a ƙasar Sudan, tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, an yi wani jirgin ƙasa wanda tazarar da ke tsakanin ƙarafunan dogonsa ƙafa biyu ce kacal? Yaro ma zai iya tsallake layin da taku ɗaya. Babban layin dogon Sudan, kamar wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa ƙafa uku da rabi ne. Wannan ƙarami kuwa ba a yi shi don fasinja ba, kuma bai nufi wani babban birni ba. Aikinsa shi ne ratsa gonakin Jazira yana kwasar auduga, kuma da yawa daga cikin hannayen da suka tsinki audugar nan na Hausawa ne.

An fara shimfiɗa shi a shekarun 1920, lokacin da Turawan Ingila ke haƙa magudanan ruwa domin babban shirin noman rani na Jazira. Da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, ruwa ya fara kwarara cikin gonaki, sai layin da aka yi don kai kayan aiki ya koma na dakon amfanin gona. Da farko tsawonsa wajen kilomita 135 ne. Da aka faɗaɗa noman zuwa yankin Managil, ya zuwa tsakiyar shekarun 1960 ya haura kilomita 700, ya shiga sahun mafi girma a irinsa a duk Afirka. Dattawan Zariya da Jos sun san danginsa, wato ƙaramin jirgin Bauchi mai dakon kuza, wanda aka daina amfani da shi a 1957.

Me ya sa aka zaɓi siririn layi? Ƙarfensa ba nauyi, shimfiɗa shi ba tsada, yana iya shan kwana mai tsanani, yana bin gefen magudanar ruwa ba tare da ya ci gona da yawa ba. Ƙasar Jazira baƙar laka ce, da rani ta tsattsage, da damina ta riƙe ƙafar mutum balle tayar mota. Shi kansa jirgin yakan huta idan ruwa ya sauka. Hakan bai ɓata komai ba, domin tsinkar auduga aikin hunturu ne zuwa farkon bazara, lokacin da ƙasa ta bushe. Kawunan jirgin masu shan dizal, da yawansu kamfanin Hunslet na birnin Leeds ne ya ƙera su. Idan taragu sun kai auduga, sukan dawo da taki da mai da sauran kayan da ƙauyuka ke bukata.

Hausawa sun riga jirgin zuwa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Bayan su kuma ga ayarin maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa, waɗanda sukan tsaya su yi ƙwadago don tara guzuri. Wani ya yi kaka ɗaya ya wuce, wani ya yi aure ya haifi 'ya'ya, jikokinsa na nan har yau. Da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930, wasu manoma suka bar gonakinsu, aka ba mutanen da suka fito daga yammacin Afirka wasu daga cikin gonakin. Amma mafi yawansu 'yan ƙwadago suka ci gaba da zama.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan jirgi shi ne takardar da ke bin kayansa. A wancan zamani kowane manomi yana da hawasha, wato yankin gonar da aka ba shi. Idan an tsinki auduga sai a cusa ta a buhu, a kai wurin tarawa, malamin awo ya ɗora a sikeli ya rubuta nauyi da sunan mai gona. Daga nan a loda wa taragu, takarda ta nuna inda kayan suka fito da inda za su, ko masana'antar gurza ta Maringan ko ta Hasahisa. A can a tantance kyawun audugar, injin ya raba ta da gurya, a matse ta dila-dila. Tunda ƙaramin tarago ba zai hau babban layi ba, dole a sake lodi a manyan taragu da sabuwar takarda, sai Port Sudan, sai jirgin ruwa zuwa masaƙun Lancashire. A lokacin, kuɗin da aka samu ana raba shi ne tsakanin gwamnati da manoma da kamfanin Sudan Plantations Syndicate, wanda hukumar Jazira mai hedikwata a Barakat ta gaje shi a 1950. Saboda haka kuskuren alƙalami guda a wurin awo, ko tarago guda da ya ɓace wa takardarsa, asara ce da za ta kai har tukunyar wani gida.

Irin wannan tsari na takardar kaya yana da daɗin bibiya har ta kai a Amurka da Ingila akwai masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na wasa da ke kwaikwayonsa a cikin ɗakunansu. Kowane ɗan tarago yana da katinsa, a soka masa 'yar takarda mai faɗin abin da ya ɗauka da inda za a kai shi. Yanzu wasunsu manhajar kwamfuta suke amfani da ita, irin su JMRI, ita ke tsara musu wane tarago za a ajiye a wace tasha. Sun fahimci cewa jirgin kaya ba ya da amfani sai an san me ke cikin kowane tarago da kuma na wane ne.

Sai dai takardar Jazira sunan mai hawasha take ɗauka. Matar da ta wuni a sunkuye tun sanyin asuba, da yaron da ya taya ta cika buhu, ladansu na abin da suka tsinka ne, a biya su a sallame su. Wannan rashin suna a takarda ya bi zuriyarsu. Dubban iyalai, Hausawa da mutanen yammacin Sudan, sun yi shekara da shekaru a matsugunan 'yan ƙwadago da ake kira kanabi, a gefen magudanan ruwa, ba su da takardar mallakar filin da suka gina ɗaki a kai, galibi ba makaranta ba asibiti. A ganina, duk mai ba da tarihin arzikin audugar Sudan bai cika shi ba idan ya tsallake su.

Jirgin ya tsufa tare da shirin noman Jazira. Kayan gyara suka yi wuya, noman auduga ya ja baya, motocin dakon kaya suka karɓe aikin. Bayan dokar Jazira ta 2005 aka shiga sayar da kadarorin hukumar, aka ciccire dogon aka sayar da shi a matsayin tsohon ƙarfe, abin da manoman yankin suka daɗe suna kuka a kai. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya iso birnin Wad Madani na yankin Jazira a Disambar shekarar, ya tarwatsa noma, ya raba ɗimbin jama'a da gidajensu, har da mazauna ƙauyukan Hausawa da na kanabi.