Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa shahararren ƙiyasin ɗumamar duniya daga lissafin kwamfuta biyu kacal ya samo asali? A 1979, wani kwamitin masana a Amurka ƙarƙashin Jule Charney ya duba yawan zafin da zai ƙaru idan iskar kabon ta ninka a sararin sama. Lissafin Syukuro Manabe ya ba da digiri 2, na James Hansen ya ba da kusan 4. Sai kwamitin ya rage rabin digiri a ƙasa, ya ƙara rabi a sama, ya ce digiri 1.5 zuwa 4.5. Har a 2013 wannan tazarar ce kwamitin IPCC mai nazarin sauyin yanayi ya bayar. A 2021 ya matse ta, ta koma 2.5 zuwa 4.

Gajimare ne ke ba masu lissafin wahala mafi girma. Masana falsafar kimiyya irin su Wendy Parker suna kuma jan hankali cewa haɗuwar lissafai a kan amsa ɗaya ba ta isa hujja ba, tunda lissafan suna aron tsari daga juna. Batun ya shafe mu kai tsaye: lissafan sun yarda zafi zai ƙaru a yankin Sahel, amma har yau sun saɓa kan yadda damina za ta kasance.