'Yan Mazan Jiya Da Bashin Da Ke Wuyan Zango

Duk ranar 28 ga watan Fabrairu akan yi taro a mararrabar Osu, kusa da babban filin 'yancin kai na Ankara. Sojoji da 'yan sanda su yi fareti, a busa begila, manyan ƙasa su ajiye furanni, sannan a ambaci sunayen mutum uku: Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Farabiti Odartey Lamptey. Mun sha halartar wannan taro, kuma abin da yake damunmu kowace shekara guda ɗaya ne. In ka ɗebe malamin da aka gayyato don ya yi addu'a, da wuya ka hangi babbar riga ko hular Zango a cikin 'yan kallo, alhali daga Nima ko Sabon Zango zuwa wurin ba wata tafiya ce mai nisa ba. Sai ka ce bikin na wasu ne, mu ba ruwanmu.

To, da ruwanmu kuwa, jama'a, har ma da tsaki.

Ga wanda bai san asalin ranar ba, ga yadda aka yi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, sojojin Gol Kos sun dawo gida da alkawuran da Turawa suka yi musu na aiki da fansho, amma suka tarar da tsadar kaya da zaman banza. Ranar 28 ga Fabrairu, 1948, ƙungiyarsu ta yi jerin gwano don kai takardar kokensu ga Gwamna Gerald Creasy a fadarsa ta Osu, ba su riƙe da ko sanda. 'Yan sanda suka tare su a mararraba, wani Baturen ɗan sanda mai suna Imray ya buɗe musu wuta, waɗannan uku suka faɗi. Gari ya yamutse kwana da kwanaki, aka kama Kwame Nkrumah da J. B. Danquah da abokansu huɗu, Ingila ta turo kwamitin bincike na Watson. Daga nan ba a sake komawa gidan jiya ba, har aka sauke tutar Ingila ranar 6 ga Maris, 1957. Ke nan tsofaffin sojoji ne suka buɗe ƙofar da ƙasa duka ta bi ta fita.

Ita kuwa wannan runduna da suka yi wa aiki, ina tushenta? A 1863 Kyaftin Glover ya tara wasu mutane a Ikko, da yawansu bayi ne da suka gudo, ya ba su bindiga, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Su ne aka kawo nan a 1873 lokacin yaƙin Turawa da Asante. A 1879 aka kafa wa Gol Kos tata rundunar, mutane suka ci gaba da kiranta ta Hausawa, a 1901 kuma ta zama cikakkiyar rundunar soja. Shekaru da dama Hausa ce harshen bariki, da ita ake ba kurtu umarni, har hafsoshin Turawa ma sai sun koye ta. Gaskiya ne ba duka Hausawa ba ne. Akwai Moshi, da Gurunshi, da Dagomba, da Farafara, da Zabarmawa, amma bariki ya haɗa su da Hausa, da yawansu suka musulunta, da suka ajiye kaki kuma Zango ce ta karɓe su. Jikokinsu ne mu, ko maƙwabtan jikokinsu.

Ba za mu ɓoye ba, akwai ɗaci a cikin wannan tarihi. Waɗannan sojoji su ne Bature ya tura Kumasi a 1896 lokacin da aka kama Sarki Prempeh, su ne kuma a 1900 a yaƙin Yaa Asantewaa. Wataƙila shi ya sa wasu gidajenmu suka gwammace a rufe zancen. Amma shirun bai amfane mu da komai ba, don ya binne mai daɗi tare da marar daɗi. Yara nawa ne a makarantunmu suka san cewa harsashin farko da wani sojan Ingila ya harba a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ɗan wannan runduna ne ya harba shi, a ƙasar Togo cikin watan Agusta na 1914? Sunansa Alhaji Grunshi, ya kai har muƙamin Samanja, ya sami lambobin jarunta. Barikin Kamina na Tamale ya ci sunan tashar waya ta Jamusawa da aka ƙwace a wannan yaƙi. Barikin Uaddara na Kumasi sunan wani fagen fama ne a Habasha inda aka kara da Italiya a 1941. Barikin Myohaung na Takoradi da Burma Camp na Ankara kuwa suna tuna mana da dajin Bama, inda aka gwabza da Japan. Kullum muna wucewa ta gaban waɗannan ƙofofi, ba mu san labarin kakanninmu ne aka rubuta a allunan ba.

Wanda ya tashi a Zango a shekarun baya ya san cewa kowace unguwa tana da nata Baba Saje ko Baba Kofur. Yawancinsu aikin gadi suka ƙare da shi a kantunan Kwarori da gidajen Turawa, da tsohuwar kabbar soja da sanda da fitila. Muna yara mukan bi su muna ta da ƙafa muna yi musu “lef, rai”, su kuwa su yi mana sarauta su wuce. Da dare in an yi sa'a su ba da labarin jirgin ruwa, da matsattsaku, da ruwan saman da ba ya ɗaukewa. Dariya muka riƙa yi, ba wanda ya ɗauki alƙalami. Yanzu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, kuma wannan laifi ba za mu ɗora wa gwamnati shi ba.

Bature ma bai rubuta da kyau ba. A rajistar soja akan sa sunan yanka ne kawai, a liƙa masa sunan ƙabila ko na gari, Moshi ko Dagarti ko Kano, ta yadda mutum goma za su iya zama da suna ɗaya. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Rahoton ya nuna cewa a 1923 Gwamna Guggisberg, wanda ya gina mana Korle Bu da Achimota, yana cikin masu ganin cewa baƙar fata bai san darajar dutsen kabari ba. Ministan tsaron Ingila ya nemi gafara a gaban majalisarsu. Neman gafara abu ne mai kyau, sai dai ba ya dawo da suna.

Me ya sa muka nace? Manyanmu ba su manta da watan Nuwamba na 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, aka kwashe rabin wasu Zangunan a manyan motoci. Har yau kuma ɗan Zango yakan je neman fasfo ko katin ɗan ƙasa a dube shi sama da ƙasa a ce, “Kakanka daga ina ya zo?” Wanda ke da littafin sallamar kakansa daga soja a hannu, yana da amsar da ta fi gardama.

Kada wani ya ce ba mu da kishin ƙasa. Wanda ya ga Nima a gasar ƙwallon duniya ta 2010, ko ranar da Mohammed Kudus ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a 2022, ya ga ja da rawaya da kore har a jikin akuyoyi. Mun iya ɗaga tuta. Abin da ba mu saba ba shi ne ɗaga ta saboda wanda ba ya buga ƙwallo. Farabiti Joseph Hammond, wanda ya yi yaƙin Bama kuma yana wurin ranar harbin 1948, ya tashi a 2020 yana da shekara 95 ya yi tafiyar mil biyu kullum har kwana bakwai, don tara wa ma'aikatan asibiti da tsofaffin sojoji gudummawa a lokacin korona. Mu da ƙafafunmu ke da ƙarfi fa?

Kuma 'yan mazan jiya ba su ƙare ba. Akwai waɗanda suka je Kwango a 1960, da Labanon, da Laberiya a 1990, da waɗanda suka ƙi barin Ruwanda a 1994 ƙarƙashin Janar Anyidoho lokacin da wasu ƙasashe suka kwashe nasu. Wasunsu suna sahu ɗaya da mu a masallaci. Hukumar tsofaffin sojoji ta VAG takan sayar da jan fure na maƙalawa a ƙirji kafin 11 ga Nuwamba, kuɗin kuma na kula da gajiyayyunsu ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ajiye furanni ba, ai ba a hana shi addu'a da ziyara da kwanon abinci ba. Sarakunan Zango da limamai kuma za su iya tura wakilai mararrabar Osu da rigunansu da tamburansu, a gan su.

Kafin nan, muna roƙon kowane gida ya buɗe tsohuwar adakar kaka. In an sami minda ta yaƙin farko, a duba gefenta, akwai suna da lamba a zane. Ta yaƙi na biyu, irin tauraron Bama, ba a sa mata suna ba, don haka littafin sallama shi ne shaida. A raba shi da gara da laima, a ɗauki hotonsa, a tambayi tsohuwar da ta rage a gidan ainihin sunan mai shi da garin da ya fito, a rubuta a bayan hoton.