Banƙasar da aka biya da tikitin dawowa

Duk wanda ya yi noma da garmar shanu a Kademi, ko a ƙauyukan da ke tsakanin Gaya da Ajingi, ya san yadda ake ciniki da mai shanu. Wani manomin, don ya samu rangwame ya kuma kama layi da wuri, yakan biya aiki biyu a haɗe tun ruwa bai sauka ba: huɗar shuka, da banƙasa idan dawa ta tasa. An yi huɗa, an shuka, saura aiki ɗaya a wuyan mai shanu, an kuma sa rana. Ba wanda zai ce wa manomin nan ba shi da komai don kawai kuɗin ba ya aljihunsa.

Haka tikitin jirgi na zuwa da dawowa yake bayan an tafi ba a dawo ba tukuna. Amma abin da muka iya a gona sai ya kuɓuce mana a kan jirgi. Mutum ya sayar da bijimi a kasuwar Wudil ya tafi umara ta filin jirgin Malam Aminu Kano, ciwo ya kwantar da shi a Madina. Ɗalibi yana Alƙahira, an ɗage jarrabawa. Ranar dawowa ta zo ta wuce, ba wanda ya ce uffan, sai daga baya a ji iyali suna neman rancen kuɗin sabon tikiti.

Manomin da bai gama maimai ba, bai zuba taki ba, yakan aika yaro tun da dare: "Baba ya ce a yi haƙuri, a bari sai jibi." Mai shanu ya kai bijimansa wata gonar, ba a yi asarar komai ba. Idan kuwa aka yi shiru, ya ɗora musu karkiya tun asuba, ya ratsa raɓa da garma, ya tarar gona ba ta shirya ba, to hantsinsa ya tafi, kuma dole a biya shi wani abu kafin ya sake tako ƙafa. Kamfanin jirgi ma haka yake lissafi. Wanda ya nemi canjin rana kafin jirgi ya tashi, kuɗin canji zai biya, da ciko idan kujerar sabuwar ranar ta fi tsada. Wanda ya bari jirgi ya tashi da kujerarsa babu kowa, ana ɗora masa tarar rashin zuwa, kuma a tikitoci masu arha dawowar kan mutu ɗungum. Kiran waya ɗaya ne ya raba mutanen nan biyu.

Cikon ne ya fi ba mutane haushi, ni kuwa ban ga zalunci a cikinsa ba. Tsakiyar damina kowa mai shanu yake nema, haka bayan ƙaramar salla kowa gida yake son dawowa daga Jidda. A irin wannan lokaci a nemi ejen da ya yanka tikitin ya faɗi farashi biyu, na canji da na sabon tikitin dawowa kaɗai, a ɗauki mai sauƙi. Ko an bar tsohon ma, akwai harajin filin jirgi a cikin kuɗinsa, kuma kamfanoni da yawa suna mayar da harajin tafiyar da ba a yi ba idan an nema. Ba sa bin mutum da shi har gida.

Ba a banƙasa gonar da ba a huɗe ba, tikiti ma bi da bi ake cinsa. Wanda ya ƙi hawa jirgin tafiya yana shirin ya ci na dawowa kaɗai zai tarar an soke duka. Mai dawowa daga Jidda ta Addis Ababa ba zai tsallake zangon farko ya je ya tari jirgi a Habasha ba. Sannan bashin banƙasa damina ce iyakarsa, ba mai zuwa da kaka ya ce a zo a yi masa. Yawancin tikiti shekara ɗaya ne wa'adinsa, mai rangwame kuma yakan gaza haka. Biza kuma nata lissafin daban. A 2022 Saudiyya ta mayar da bizar umara kwana 90, amma tana sa ranar da dole kowa ya fita kafin aikin hajji, kamar 29 ga Afrilu a 2025. Tikiti mai rai ba ya halatta zaman wanda bizarsa ta ƙare.

Akwai inda mai shanu ya fi jirgi sauƙin kai. Manomi zai iya cewa a kai banƙasarsa gonar ƙaninsa, magana ta ƙare. Tikiti kuwa sunan da ke fasfo ne a kansa, ba a sayar wa wani, ba a yin kyautarsa. Tun 2008 manyan kamfanonin jiragen duniya suka daina tikitin takarda, komai yana cikin kwamfutarsu. Saboda haka duk wanda ya zo da arhar "ragowar tikitin wani", a riƙe kuɗi da kyau.

Idan jirgin ne ya fasa tashi, hukunci ya juya, domin mai shanu ne bai zo ba. An ga haka a 2020, lokacin da Saudiyya ta dakatar da umara a ƙarshen Fabrairu saboda korona, Najeriya ta rufe filayen jiragenta a Maris, ba a dawo da jiragen ƙasashen waje ba sai 5 ga Satumba. A irin wannan, fasinja ne mai bin bashi, ko a mayar masa da kuɗi ko a ba shi wata rana ba tara. Jigilar alhazai ta hukumar NAHCON kuma tsarinta daban, hukumar ce ke tsara dawowa jirgi bayan jirgi, can ake kai magana.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin dattawanmu ba su taɓa ganin tikitinsu da ido ba. An biya ejen a Kano, ya ce a zo filin jirgi ranar kaza, shi ke nan. Alhali a takardar shaidar tikiti da ejen ke bugawa akwai lambar tikiti mai alƙaluma 13, da gajeriyar lambar ajiye kujera mai haɗa haruffa da alƙaluma shida, waɗanda da su ake duba komai. Idan Hajiya ce mai tafiya, kafin ta hau mota zuwa Gaya, ɗanta ya ɗauki hoton takardar a waya, ya kuma tambayi ejen a gabanta: ana canja rana? Nawa ne? Na rukuni ne ko nata ita kaɗai? Tikitin rukuni ya fi wuyar taɓawa, kuma galibi ejen da ya yanka ne kaɗai zai iya gyara shi, don haka a karɓi lambar da ake samunsa ko da dare.

Akwai kuma wanda Allah ya karɓi ransa a can, aka yi masa sutura a Makka ko Madina. Iyali suna cikin zaman makoki, ba mai tuna jirgi, kuma ba laifinsu ba ne. Amma dawowar da bai yi ba dukiya ce ta magada, wataƙila har da marayu a cikinsu. Kamfanoni da yawa suna mayar da kuɗin zangon da ya rage idan mai tikiti ya rasu. Bayan sadakar bakwai, babban wa ko waliyyi ya ɗauki takardar shaidar rasuwa da hoton fasfo da lambar tikiti ya je wurin ejen, ya nemi a shigar da buƙatar a rubuce, abin da ya fito a zuba shi cikin gado kafin a raba.