Hoton Aku Ya Fi Kejin Aku: Yadda Ake Ɗaukar Tsuntsaye A Duwala

Manyan 'yan kasuwarmu na New Bell ba su manta da zamanin da ake lodin aku a kwanduna daga dazuzzukan kudancin Kamaru zuwa Turai ba. Wannan hanya ta toshe. Tarayyar Turai ta hana shigo da tsuntsayen daji a 2007, sannan taron CITES na Johannesburg a 2016 ya haramta fataucin akun daji tsakanin ƙasashe. Yau wanda aka kama da shi a kan iyaka, kaya da jari sun tafi, watakila har da gidan yari. Amma hotonsa babu jami'in kwastan da zai tare, kuma Kamaru na da tsuntsaye sama da iri 900, waɗanda baƙi ke biyan kuɗi a kai su su gani.

Mai son koyo ba sai ya yi nisa ba. Daga Kotto da Bonamoussadi zuwa bakin kogin Wuri akwai balbela da zalɓe da shirwa da hankaka. Idan hannu ya faɗa, sai a nufi gandun Douala-Edéa, wanda ya zama gandun ƙasa a 2018.

Matsalar Duwala ita ce ƙarancin haske, domin hadari ba ya rabuwa da garin, musamman a Yuli da Agusta. Tsuntsu kuwa ba ya jiran kowa. Saboda haka abu na farko shi ne saurin ƙyaftawar kyamara: 1/500 ya isa ga wanda ke zaune a reshe, mai tashi kuwa sai 1/2000. Wannan sauri yana rage hasken da ke shiga, don haka a buɗe ƙofar gilashi zuwa f/5.6, a ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600. Sababbin shiga na tsoron ISO saboda ɗigo-ɗigon da yake kawowa. A ganinmu tsoron banza ne: ɗigo-ɗigo ana rage shi a kwamfuta, amma hoton da ya girgiza ba shi da magani. A saita kyamara a kan idon tsuntsu, ba fiffike ba, kuma gilashin kada ya gaza milimita 300.

Balbela na da nata sharaɗin. Farinta yana ƙonewa a hoto idan bayanta duhun itatuwa ne, sai a rage haske da mataki ɗaya. Shirwa a sararin sama kuwa a ƙara, in ba haka ba baƙar inuwa kawai za a samu.

Wajen gyara, a ɗauka a tsarin RAW, domin ya fi JPEG riƙe bayanai. A Lightroom ko Snapseed na waya, a yanke gefen hoton, a bar fili ta inda tsuntsun ke kallo, a ɗaga inuwa kaɗan. Launi kuma a yi masa sauƙi. Jan wutsiyar aku ja ne tun daga Allah. Wanda ya ƙara masa har ya koma kamar atamfa, masana ba za su sayi hotonsa ba.

Ga masu sarin tsofaffin kyamarori zuwa Garwa, Mubi ko Kano, ga inda kuɗi ke salwanta. Danshin Duwala yana haifar da fumfuna a cikin gilashi. Kafin a biya, a cire shi, a haska tocila ta baya. In an ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo, a rage farashi sosai ko a bar shi. Wanda aka saya kuma a ajiye shi cikin robar da iska ba ta shiga, tare da ƙunshin ƙwayoyin silika irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi.