Tsagar Bango a Manhajar Karanta Bayanan Hoto

Kowane hoto da aka ɗauka da kyamarar zamani ko wayar hannu yana tafe da wani rubutu wanda ido ba ya gani. A cikinsa ne ake taskace ranar da aka ɗauki hoton, da irin na'urar da ta ɗauke shi, wani lokaci ma har da wurin da mai ɗaukar ya tsaya. Akwai manhajojin da aikinsu shi ne karanta wannan rubutu ko goge shi, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara ita ce ExifTool, wadda Phil Harvey na ƙasar Kanada ya fitar a 2003.

Aikin irin wannan manhaja tamkar na magatakarda ne, watau ta karanta abin da aka rubuto, ba ta zartar da shi ba. Haɗari yana aukuwa ne yayin da ta kasa bambanta bayani da umurni. Haka ta faru a watan Afrilu na 2021, lokacin da wani mai bincike, William Bowling, ya gano cewa idan ExifTool ta zo karanta bayanan fayil na tsarin DjVu, ana iya cusa mata umurni a tsakiyar rubutun, ita kuwa ta aiwatar da shi ba tare da tantancewa ba.

Illar wannan ta bayyana a GitLab, manhajar da kamfanoni da hukumomi ke ajiye ayyukan shirya manhaja a cikinta. GitLab takan miƙa hotunan da aka ɗora mata ga ExifTool domin ta goge bayanansu, saboda kare sirrin jama'a. Da yake ExifTool cikin fayil take dubawa, ba sunansa ba, sai mugu ya laƙaba wa fayil ɗin DjVu sunan hoto, ya ɗora shi, ya mallake kwamfutar baki ɗaya, ko kalmar sirri bai bayar ba. Mai gadi ne ya zama ƙofar ɓarawo.

An toshe wannan kafa a cikin watan da aka gano ta, da fitowar ExifTool mai lamba 12.24. Duk da haka, masu kula da kwamfutoci da dama ba su sabunta nasu ba, kuma kafin ƙarshen 2021 ɓarayin intanet sun kame dubban irin waɗannan kwamfutoci suna kai hari da su.

Saboda haka, wajibi ne ga duk ma'aikatar da ke karɓar hotuna daga jama'a ta ɗauki kowane fayil a matsayin baƙon da ba a san halinsa ba, ta kuma sabunta manhajojinta da zarar gyara ya fito. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.