Abubuwan da ke ƙara haɗari bayan babbar tiyatar fankiriyas

Fankiriyas wata gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, wadda ke samar da sinadarin insulin da ruwan narkar da abinci. Idan ciwon daji ya kama kan wannan gaɓa, likitoci kan yi tiyatar Whipple, wadda ta samo suna daga likitan Amurka Allen Whipple da ya bayyana ta a 1935. Ana yanke kan gaɓar tare da farkon ƙaramin hanji da matsarmama, sannan a ɗinke abin da ya rage a jikin hanji.

A wajen wannan ɗinki mafi yawan matsalar take. Ruwan fankiriyas aikinsa narkar da nama da kitse, don haka idan ɗinkin ya yi yoyo, sai ruwan ya shiga cin naman mai shi. Daga nan ne ake samun taruwar mugunya, ƙwayoyin cuta su shiga jini, wani lokaci ma ruwan ya huda jijiya, jini ya ɓalle bayan mako guda ko biyu.

Abin mamaki, gaɓar da ta fi kama da lafiyayya ita ta fi yoyo. Fankiriyas mai laushi ba ya riƙe zare sosai, kuma idan faɗin bututunsa bai wuce milimita 3 ba, ɗinkin kan yi wuya. Wanda kumburin shekaru ya taurara masa gaɓar ya fi samun sauƙi ta wannan fuska. Ƙiba da zubar jini mai yawa lokacin aiki suna ƙara haɗarin. Haka nan tsufa, ciwon zuciya, shan taba da ramar rashin abinci suna rage ƙarfin jiki na jure wa abin da ya biyo baya.

Asibitin ma yana da nasa kaso, kuma ba ƙarami ba. Wani bincike a Amurka a 2002 ya gano cewa kusan kashi 16 cikin 100 na mutuwa a asibitocin da ba kasafai suke wannan aiki ba, alhali bai kai kashi 4 ba a inda aka saba da shi. Masu sabo sukan gane yoyo da wuri, su zuƙe ruwan kafin ya yi ɓarna. Iyalan da ke harhaɗa kuɗi zuwa Indiya ko Masar ya dace su tambayi asibiti sau nawa yake yin aikin a shekara, kuma kada a yi gaggawar sayen tikitin dawowa gida.