Kayan Yaji Da Ciwon Gaɓoɓi

Da zarar hunturu ya kawo jiki, sai ki ji iyayenmu da kakanninmu suna kuka da gwiwa da ƙugu da yatsu. Wasu kan ce sanyin ƙashi ne, wasu su ce amosani. Yau za mu duba kayan yajin da ke madafinmu, mu ga iyakar taimakon da za su iya yi.

Mu fara da citta. Yawancin wadda ake kasawa a kasuwar Tudun Wada daga kudancin Jihar Kaduna take zuwa, wajen Kachia da Kwoi. Shi ya sa da cuta ta cinye gonakin can a 2023, nan da nan ta yi tsada a wurinmu. A 2001 likitocin Amurka sun ba da labarin gwajin da suka yi na mako shida a kan mutum 261 masu ciwon gwiwa. Cikin waɗanda aka ba maganin da aka tato daga citta, kashi 63 cikin ɗari sun ji sauƙi. Cikin waɗanda aka ba ƙwayar da ba kome a cikinta kuwa, kashi 50 ne. Kin ga akwai amfani, amma ba mai yawa ba ne, kuma wasunsu sun yi fama da ƙwannafi.

Sai gangamau, wanda wasu ke kira kurkum. Sinadarin da ke ba shi launin rawaya yana rage kumburi, sai dai hanji ba ya tsotse shi sosai in shi kaɗai ne. Saboda haka ki riƙa haɗa shi da ɗan masoro da mai a cikin miya. Tafarnuwa da kanumfari da kimba kuwa, babban aikinsu shi ne ƙara wa miya ɗanɗano, har ki iya rage gishiri da Maggi, don tsofaffi da yawa suna da hawan jini.

Ba sai an cika ba, uwargida. Rabin ƙaramin cokali na garin citta a kunu ko shayi ya isa. Ki haɗa da zogale da wake da kifi. In kuma akwai ƙiba a rage, domin duk kilo ɗaya da aka sauke yana ɗauke wa gwiwa nauyin wajen kilo huɗu a kowane taku.

To, ga gargaɗi. Mai gyambon ciki ta yi hankali da yaji. Wadda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini, irin su Warfarin, kada ta yawaita citta da tafarnuwa sai ta tambaye shi. Kada a shafa barkono a gwiwa, ƙona fata yake yi. A kuma guji ƙullin ƙwayoyin da 'yan talla ke yawo da su, domin wasu na kumbura fuska, su ci ƙashi.

Akwai wani ciwon gaɓoɓi da ya fi kama mata. Alamarsa ita ce yatsun hannu biyu su kumbura, su sandare da safe har wajen awa guda. Wannan ba na yaji ba ne. In aka yi jinkiri yatsun kan karkace, ko tuƙin tuwo ya gagara. Haka nan yaron da gaɓoɓinsa ke ciwo tare da zazzaɓi, mai yiwuwa sikila ce, ko kuwa ciwon da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro ya taɓa zuciya. Irin waɗannan a hanzarta kai su asibiti. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda babban mazauninsa ya tashi daga nan Tudun Wada ya koma Shika a 2005.

Hausawa sun ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki gyara miyarki, amma kada ki sa Inna ta bar maganin likita saboda ita. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mun sadu a fili na gaba.